Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Gimi: Isawa da Dogara ga Allah a Lokacin Tsanani



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kai yau wani ɗan yanki ne na tarihin ƙasar Zazzau wanda littattafan makaranta ba su cika kula da shi ba, wato tarihin wata jama'a ta Hausawa da ake kira Isawa, da yadda wani sashe nasu ya karɓi addinin Kirista, ya kafa ƙauye a Gimi ta ƙasar Maƙarfi, sa'an nan annoba ta auka masa ta kusa shafe shi baki ɗaya. Mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan, da na ƙauyukansu irin su Taba, sun san cewa akwai Hausawa Kiristoci a tsakaninsu tun kaka da kakanni, amma kaɗan ne suka san wahalar da aka sha kafin a kai ga haka.

Nufina shi ne in nuna cewa dogara ga Allah irin ta waɗannan mutane ba ta kare su daga masifa ba ko sau ɗaya. An kashe malaminsu, an kore su daga garuruwansu, cuta ta cinye 'ya'yansu. Abin da dogarar ta yi musu shi ne ta hana tsoro ya warwatsa su, ta kuma juya baƙin cikinsu ya zama aiki. Zan bi labarin daki-daki, amma da yake ni malamin harshe ne, sai ku yi mini uzuri in fara da kalmomi.

Kalmomin tsoro da na dogara

Bahaushe ya rarrabe tsoro iri-iri. Akwai firgita da razana, waɗanda ke zuwa farat ɗaya su wuce. Akwai fargaba, wadda ke zaune a zuci tana jiran abin da bai riga ya faru ba. Akwai kuma tsoro shi kansa, kalma mai fuska biyu, domin idan aka ce wane matsoraci ne an zage shi, amma idan aka ce mai tsoron Allah ne an yi masa yabon da babu kamarsa. Ke nan a tunanin Bahaushe tsoro ba abin da ake kawarwa ba ne ɗungum. Abin da ake nema shi ne a ajiye shi inda ya dace, a ji tsoron Mahalicci domin a rage jin tsoron abin halitta.

A ɗaya gefen muna da kalmomi uku. Tawakkali ta zo mana daga Larabci ta hanyar malamai. Dogara kuwa tamu ce ta gida, asalinta jingina nauyin jiki a kan wani abu, kamar yadda tsoho ke dogara sanda. Ta uku ita ce bangaskiya, wato ba da gaskiya, kalmar da Hausawa Kiristoci suka riƙe fiye da sauran, har ta zama ita ce ke ɗauke da ma'anar imani a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa. Abin lura a nan shi ne, mai dogara sanda tafiya yake yi. Wanda ya kwanta ba ya bukatar sanda. Wannan ma'ana za ta yi mana amfani in mun iso Gimi.

Malam Ibrahim da asalin Isawa

Labarin ya faro ne daga birnin Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Bisa ga abin da Isawa suka riƙe, suka kuma faɗa wa waɗanda suka rubuta tarihinsu, akwai wani malami mai suna Ibrahim wanda ya duƙufa kan nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryama. Nazarin ya kai shi ga ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda, ya kuma tara almajirai a kan wannan fahimta. Ya kamata a jaddada cewa Malam Ibrahim bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Daga cikin zauren karatu na ƙasar Hausa wannan abu ya tsiro.

Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga hanya. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano wajen shekarun 1860. Zuriyar almajiransa sun ce kafin a kashe shi ya umarce su su bar birni, ya kuma yi musu albishir cewa wata rana Allah zai aiko da masu kawo musu cikakken labarin Isa.

Almajiran suka watsu zuwa kan iyakokin da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauci. Waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun wajen 1846 Malam Hamza da mutanensa suka yi hijira daga Tsakuwa suka kafa mazaunin da bai bi sarakunan Daular Usmaniyya ba. Waɗansu kuma suka ɓuya a ƙauyukan gabashin Zazzau, ta wajen Ikara da Ancau, suna noma kamar kowa, suna ibadarsu a ɓoye. Ana kiran su Isawa, su kuma sukan kira kansu Bani Isra'ila. Shekara kusan 50 suka yi a wannan hali. Ku duba irin wannan zama: mutum ya haifi ɗa, ya raine shi, ya aurar da shi, duk a kan alkawarin wani malami da aka kashe a bainar jama'a, ba tare da an ga alamar cikar alkawarin ba. Wannan shi ne tsoro na farko da suka ɗauka, tsoron takobi, kuma abin da suka tare shi da shi shi ne jira.

Haɗuwa da Likita Mila

A 1900 wata ƙungiya ta 'yan mishan na C.M.S. daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta iso Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Turabulus wurin fatake da alhazai, wanda kuma Zagezagi suka sani daga baya da suna Likita Mila. Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a wannan shekara. Sai a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Mila ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi, wato a zaci cewa da yake Turawan mulki Kiristoci ne, to, Bahaushen da ya zama Kirista ya shiga inuwarsu ke nan. Tarihi bai nuna haka ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma razdanoni da yawa sun ɗauki 'yan mishan a matsayin masu jawo musu rigima, suka taƙaita zirga-zirgarsu a ƙasashen sarakuna. Bahaushe Kirista na wancan lokaci ba shi da gata a fada, ba shi da gata a barikin Turawa, ga kuma danginsa da ke ganin ya yar da su.

A cikin wannan hali ne, a 1913, waɗansu daga cikin Isawa suka zo Zariya suka nemi Mila, suka ba shi labarin Malam Ibrahim da alkawarinsa. Aka tura masu bishara zuwa ƙauyukansu. Ba dukkan Isawa ne suka karɓi abin da aka kawo musu ba. Da yawa sun tsaya a kan tsohuwar hanyarsu, waɗansu kuma sun narke cikin sauran Musulmi. Amma wani sashe ya amince cewa wannan shi ne abin da kakanninsu suka yi ta jira, aka yi musu baftisma. Waɗannan su ne suka ɗauki tsoro na biyu, wanda ga Bahaushe ya fi na takobi ciwo, wato tsoron rabuwa da dangi, a rasa mai ba ka auren 'yarsa, a rasa mai zuwa maka jana'iza.

Gimi

Maganin da aka ga ya dace shi ne a tara su wuri ɗaya su zama dangin juna. Aka sami fili a Gimi, arewa maso gabas da Zariya, aka kafa ƙauye jim kaɗan bayan 1913. Wanda aka ɗora wa kula da shi shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Aka gina majami'a da makaranta, aka share gonaki, jama'a ta haura mutum 100. Thompson ya fito daga ƙasar da ta san aikin rake, saboda haka aka shiga noman rake da matse shi ana dafa ruwan, sana'ar da har yau ƙasar Maƙarfi ta yi suna a kanta wajen mazarƙwaila. A karo na farko tun bayan kisan Malam Ibrahim, waɗannan mutane suka yi ibadarsu da rana tsaka ba tare da waiwaye ba.

To, amma fadamar da ke ba da rake ita ce kuma mazaunin ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana son inuwar kurmi da ke bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, manoma ke ban ruwa. Idan ya ciji mai ciwon barci ya koma ya ciji lafiyayye, sai ya zuba masa ƙwayar cutar a jini. Irin wadda ke Afirka ta Yamma ba ta gaggawa. Takan fara da zazzaɓi mai zuwa ya tafi, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai ta kai ga ƙwaƙwalwa: mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana yana kasa barci da dare, halinsa ya sauya, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai magana ya yi shiru, har ya kai ana sa masa abinci a baki yana barci. In ba a yi magani ba, ƙarshenta mutuwa.

A lokacin an riga an gano alaƙar cutar da ƙudan tsando, domin David Bruce da abokan aikinsa sun tabbatar da haka a Yuganda a 1903, inda annobar ta kashe mutum fiye da 200,000 a gaɓar Tafkin Biktoriya. Sai dai sanin sanadi daban, samun magani daban. Allurar da ta fara yin tasiri a kan cutar bayan ta shiga ƙwaƙwalwa ba ta yaɗu ba sai a shekarun 1920. Ga shi kuma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, likitoci da magunguna sun yi ƙaranci, sa'an nan a ƙarshen 1918 annobar mura da ta game duniya ta ratsa Nijeriya ta Arewa. Cikin 'yan shekaru kaɗan ciwon barci ya cinye babban sashe na mutanen Gimi, aka tashi ƙauyen Kiristocin, waɗanda suka tsira suka koma Zariya.

Ina so jama'a su tsaya su auna nauyin wannan abu. Mutanen nan sun yi jiran rabin ƙarni. Sun bar dangi saboda sun gaskata cewa alkawari ya cika. Wurin da suka ɗauka mafaka shi ne ya zama maƙabartarsu. A idon maƙwabta kuwa hukuncin a bayyane yake: wanda ya bar hanyar iyayensa, ga abin da ke samunsa. Bamaguje zai ce iskokin wurin ne suka yi fushi, wani kuma zai ce ishara ce daga Allah. Wannan shi ne tsoro na uku, kuma shi ne mafi girma, domin ya wuce tsoron mutuwa ya kai ga fargabar cewa watakila tun farko an yi kuskuren hanya. Duk wanda ya san halin ɗan'adam zai sa ran ragowar su koma inda suka fito. Waɗansu sun watse, amma cibiyar jama'ar ta tsaya.

Abin da ya riƙe su

A ganina abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko gado ne. Waɗannan mutane jikokin almajirai ne, sun tashi da tawakkali da haƙuri tun kafin su ji sunan mishan. Labarin Annabi Ayuba, wanda ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya bai saki Ubangijinsa ba, ba baƙo ba ne gare su; sun san shi a zaure, suka sake samun sa a cikin sabon littafinsu. Karin maganar nan da ke cewa mahaƙurci mawadaci tasu ce kamar yadda take ta kowane Bahaushe.

Na biyu shi ne abin da bangaskiyar Kirista ta ƙara musu, wato labarin gicciye. A nan ne koyarwar Kirista ta rabu da ta Musulunci, domin Musulmi sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, Kiristoci kuwa a kan mutuwarsa da tashinsa suka gina addininsu. Ba aikina ba ne a wannan zaure in yi hukunci tsakanin biyun. Aikina shi ne in nuna abin da wannan koyarwa ta yi a zukatan mutanen Gimi. Linjila ta nuna Yesu Almasihu yana cikin matsananciyar damuwa a lambun Jatsaimani a daren da za a kama shi, yana roƙo a ɗauke masa wahalar, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Allah. Jama'ar da aka tsire malaminta a kasuwa ba ta bukatar dogon bayani kafin ta fahimci wannan. Darasin da suka ɗauka shi ne cewa wahala ba shaida ba ce ta cewa Allah ya juya wa bawa baya, tun da wanda suka fi ɗaukaka ma ya sha ta. Kuma jin tsoro ba zunubi ba ne, abin da ake gudu shi ne tsoro ya zama shi ke yanke wa mutum shawara. Haka nan Zabura ta 23, wadda Kiristoci ke karantawa a bakin kabari, ta kawo hoton makiyayi da sandarsa yana ratsa kwari mai duhu tare da garkensa. Ba ta yi alkawarin za a kauce wa kwarin ba. Ga jama'ar da ta san kiwo, ta kuma san dogara sanda, wannan hoto a gida yake.

Na uku shi ne zumunci. Marayun Gimi ba a bar su a titi ba, an kwashe su zuwa makarantar Mila a Zariya, gidajen Kiristocin birni suka riƙe su. Tsoron da mutum ke ɗauka shi kaɗai yakan karya shi, amma wanda aka raba tsakanin mutum ashirin yakan ɗauku.

Wusasa da Ancau

A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, bayan ganuwa. Aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibitin Luka Mai Tsarki. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya ja gaba tare da taimakon Hausawan da ke tare da shi. Ragowar mutanen Gimi na cikin harsashin wannan sabon gari.

Abin da ya fito daga wannan 'yar jama'a ya fi ƙarfin yawanta. Daga makarantar mishan ta Zariya aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga Wusasa aka sami John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Ancau a 1927, ɗan Malam Bulus Audu, ɗaya daga cikin Isawan da suka karɓi Kiristanci. Ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 aka tsare shi, da aka sake shi ya koma Samaru ya ci gaba da duba marasa lafiya. Ya rasu a 2005. Jama'ar da cuta ta cinye wa yara ita ce ta haifi likitan yara, ga kuma asibiti a tsakiyar garinta. Wannan ita ce dogara irin ta mai sanda da na ambata da farko.

Ita kanta cutar ba a bar ta ba. A shekarun 1930 binciken gwamnati ya nuna ta yi katutu a gundumar Ancau, saboda haka aka ƙaddamar da shirin da Dokta T. A. M. Nash ya yi suna a kansa: aka sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka haƙa rijiyoyi domin mutane su daina zuwa rafi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Abin da ya hallaka Gimi ashe abu ne da gatari da rijiya da allura ke iya kawarwa. Wannan ya isa amsa ga masu cewa fushin iskoki ne ko hukuncin barin hanya, domin Musulmi da Maguzawan Ancau sun sha irin wannan cuta daidai da Kiristocin Gimi.

Jarrabawar 1987

Tsoro bai ƙare da ciwon barci ba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafancan, aka ƙona masallatai a can, wutar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka ƙona majami'u masu yawa, Wusasa ma ba ta tsira ba. Hausawa Kiristoci suka sami kansu a tsaka mai wuya: harshensu da shigarsu da abincinsu ɗaya ne da na maƙwabtansu Musulmi, addininsu kuwa ɗaya ne da na waɗanda ake kira baƙi. Ba su da wani gari da za su gudu su koma, domin nan ne garinsu. Suka zauna, suka sake gini. A 1997 cocin Angilikan ya kafa dayosis na Wusasa, daga baya Ikara ma ta sami nata, yawancin mabiyansa kuwa Hausawa ne manoma, da yawansu zuriyar Maguzawan da suka karɓi Kiristanci tun daga shekarun 1970.

Kammalawa

Tarihin Isawa ya nuna mana jama'a ɗaya ta fuskanci tsoro iri uku cikin shekara kusan 60: na takobi a Kano, na rabuwa da dangi a ƙauyukan Zazzau, da na annoba a Gimi. Ba a ɗauke musu ko ɗaya ba. Abin da bangaskiyarsu ta ba su shi ne fassarar wahala wadda ba ta mai da su abin ƙi a wurin Allah ba, da jama'ar da za su ɗauki nauyin tare da ita, da ƙarfin halin tashi daga wurin da ya zama haɗari su sake gini a wani. Musulmin da ke cikin wannan zaure zai gane wannan hali, domin shi ma an koya masa ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali.

Ina kira ga ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi, musamman 'yan Ikara da Maƙarfi da Kudan, su shiga ƙauyuka su ɗauki maganar tsofaffi daga zuriyar Isawa, waɗanda suka zama Kiristoci da waɗanda ba su zama ba, su rubuta ta da Hausar da aka faɗe ta. Tarihin ƙasar Hausa ne, kuma haƙƙinmu ne mu adana shi.